Harafi a Kan Allo da Kuskuren da Kwamfuta Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa rubuta kalmar "ƙasa" a kwamfuta ya ga harafin farko ya fito daban, ya fi 'yan uwansa sirantaka ko ya ɗan zarce su tsayi, ya riga ya leƙa cikin wannan magana ko da bai sani ba. Wani lokaci ma harafin ba ya fitowa sam, sai ɗan akwati fanko a gurbinsa. Manhajar ba ta tsaya ba, ba ta yi gargaɗi ba, a wurinta aiki ya kammala lafiya lau. Wannan shirun ne ya sa nake ganin zana haruffa a kan allo wuri ne mai kyau na auna yadda masu rubuta manhaja suke son koyon abu, da inda hanyar tasu ke kai su, da inda take ajiye su a tsakiyar daji.

Bari mu bi harafin tun daga tushe. Lamba kwamfuta ta sani. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi tasa: babban A shi ne 65, ƙaramin ƙ kuma 409. Babban Ƙ yana 408, ƙofa da ƙofa da ƙaraminsa. Amma babban Ɗ yana 394 alhali ƙaramin ɗ yana can 599, domin an ajiye shi a rukunin haruffan da masana furuci ke aiki da su. Haka Ɓ da ɓ, 385 da 595. Mai zana haruffa da ya cika rukuni ɗaya ya tsallake ɗayan yana iya ba ka babba ya hana ka ƙarami, bai ma san ya yi ba.

Lambar nan ake miƙa wa fayil ɗin haruffa, wanda zan riƙa kira zubi. Sunan ya dace, don a zamanin tsohon injin ɗab'i narkakkiyar dalma ake zubawa a fito da kowane harafi, kowane girma da nasa zubin, kuma kalmar da Turawa ke kiran abin da ita har yau daga narkar da ƙarfe ta samo asali. A cikin fayil ɗin akwai jadawalin da ake kira cmap, aikinsa kawai ya ce lamba kaza, ga zanenta. In lambar ba ta ciki, ƙa'ida ta ce a ba da zane na sifili, wato akwatin nan. Kwamfutocin yanzu ba sa son nuna akwati, sai su zagaya su aro harafin daga wani zubin. Siririn ƙ ɗin da ka gani baƙo ne, aro aka yi.

Zanen da ke cikin fayil jerin ɗigogi ne da bayanin yadda layi zai lanƙwasa a tsakaninsu. Lissafin lanƙwasar daga masana'antar motoci ta Faransa ya fito: Paul de Casteljau a kamfanin Citroën a 1959, da Pierre Bézier a Renault a shekarun 1960, kowa yana neman yadda zai bayyana jikin mota da lambobi. Kamfanin Adobe ya sa shi a PostScript, harshen da ake bayyana wa injin ɗab'i shafi da shi, a 1984, da ɗigo biyu masu jan layi a kowace lanƙwasa. Apple ta fito da tsarin zubi mai suna TrueType a 1991 da ɗigo ɗaya, Microsoft ta sa shi a Windows 3.1 shekara guda bayan haka, a 1996 kuma Microsoft da Adobe suka haɗa hannu a kan OpenType, wanda ya karɓi nau'in biyu. Ɗauki harafin o a TrueType. Zobe biyu ne, na waje yana bin hannun agogo, na ciki yana saɓa masa. In kana son sanin ko wani wuri yana cikin tawada, sai ka ja layi daga wurin zuwa gefe, ka ƙara ɗaya duk sanda zobe ya ƙetare layinka yana hawa, ka rage ɗaya in yana sauka. Ka tashi da sifili, to kana waje ko kana cikin rami. Da wannan 'yar dabara ake huda cikin o da a da ɓ.

Har nan lissafi ne mai tsabta. Rigimar tana farawa ne sanda zanen ya sauka a kan allo, don allo saƙa ce ta ƙananan murabba'ai da ake kira fiksel. Yawancin zubin TrueType suna zana harafi a fili mai awo 2048. Rubutu mai girman 12, a allon da ake lissafa wa fiksel 96 a kowane inci, fiksel 16 kacal yake samu. Raba 2048 gida 16, kowane fiksel ya ci awo 128. To a ce ƙafar harafin m tana da kaurin awo 180. Fiksel ɗaya ke nan da ɗan abin da bai kai rabi ba. Ƙafafun uku ne, kowace ta faɗo a wuri daban a kan saƙar: ta farko ta cika fiksel ɗaya, ta biyu ta kama biyu, ta uku ta koma ɗaya. Harafin da mai zane ya auna da kyau sai ya fito yana ɗingishi.

Mafita ta farko ita ce a tanƙwara harafin ya bi saƙar. TrueType ya yi nisa a wannan har ya cusa ƙaramin shirin kwamfuta a cikin haruffan, umarni bayan umarni: matsar da wannan ɗigo zuwa bakin fiksel, daidaita kaurin wannan ƙafa da waccan. Aikin hannu ne mai cin rai. Matthew Carter, wanda ya zana Verdana da ta fito a 1996, juya tsarin ya yi, ya fara zana haruffan fiksel-fiksel sannan ya zagaye su da layi, Tom Rickner kuma ya rubuta umarnin. Apple tana riƙe da haƙƙin mallakar hanyar aiwatar da irin wannan umarni, shi ya sa FreeType, kundin kod na kyauta da David Turner ya fara a 1996, ya shafe shekaru da wannan ɓangare a kashe yana aiki da nasa hasashen, har haƙƙin ya ƙare a 2010. Kuma shiri a cikin harafi ƙofa ce ga ɓarawo. Mugunyar manhajar Duqu da aka gano a 2011 ta zubin TrueType da aka ɓoye a takardar Word ta kutsa cikin Windows, a 2023 kuma masu binciken Kaspersky suka fallasa wani hari kan wayoyin iPhone da ya bi ta wani umarnin TrueType na Apple wanda ba a rubuta shi a kundin jama'a ba.

Mafita ta biyu ita ce a ƙyale harafin yadda yake, a yaudari ido. Fiksel ɗin da tawada ta rufe rabinsa sai a ba shi launin toka. Nan ma da tarko. Ana auna hasken fiksel daga 0 zuwa 255, kowa zai ce rabi shi ne 128. Amma allo ba ya fitar da haske a miƙe haka: 128 kusan kashi 22 cikin ɗari na hasken fari yake bayarwa, rabin haske na gaskiya yana wajen 188. Wanda ya yi lissafin kai tsaye zai ga baƙin rubutu a kan fari ya yi ƙiba, farin rubutu a kan baƙi ya rame, alhali zubi ɗaya ne, girma ɗaya. Microsoft ta ƙara gaba da ClearType, wanda ta sanar a 1998. Kowane fiksel a shafaffen allo tsaga uku ne, ja da kore da shuɗi, sai aka riƙa kunna su ɗaya-ɗaya don a sami kaifi ninki uku a kwance. Ka ɗauki hoton irin wannan rubutu ka faɗaɗa shi, za ka ga gefen baƙin harafi da ratsin launi. Shekaru aka yi masu Windows suna cewa rubutun Mac dishi-dishi ne, masu Mac suna cewa na Windows ya ɓata siffar harafi, kowa da gaskiyarsa. Yawan fiksel ne ya raba gardamar. iPhone 4 ta zo a 2010 da 326 a kowane inci, a 2018 kuma Apple ta daina kunna dabarar tsaga fiksel a kwamfutocinta.

Akwai matakin da na tsallake da gangan, kuma shi ya fi kayar da mutane. Kafin a zana komai sai an yanke wane zane za a ɗauko da inda za a ajiye shi. Mai aiki da haruffan boko kaɗai yana iya zaton lamba ɗaya zane ɗaya ce, a jera daga hagu zuwa dama, shi ke nan. Harafin Larabci kuwa yana sauya siffa a farko da tsakiya da ƙarshe da in yana tsaye shi kaɗai, lam da alif in sun haɗu su zama zane guda, kuma in lambobi ko kalmar boko suka shigo tsakiyar jimla, layi ɗaya ya zama yana tafiya fuska biyu. A rubutun Hindi akwai wasalin da ake ajiye lambarsa bayan baƙi amma ake zana shi kafin baƙin. Ko a boko ma, A da V in sun zauna kusa sai an matso da su, in ba haka ba gibi ya fito. Kundin da ke wannan aiki a Chrome da Firefox da Android shi ne HarfBuzz, wanda Behdad Esfahbod, haifaffen Iran, ya jagoranta. Rabin farko na sunan, "harf", shi ne dai kalmar Larabcin da ta ba mu "harafi".

To yaya mai rubuta manhaja yake tunkarar abu irin wannan? Yawanci ba ya tunkararsa sai dole ta kama. Al'adar sana'ar ita ce koyo a lokacin buƙata: matsala ta taso, a bincika, a samo misalin da ya yi kama, a kwafa, a gwada, a karanta saƙon kuskure, a gyara. A da shafin tambaya da amsa na Stack Overflow ne matattarar, tun kafa shi a 2008, yanzu kuma da yawa manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira suke tambaya. Ana yawan kushe wannan hanya da cewa lalaci ne. Ban yarda ba. Abin da mai manhaja ke taɓawa a shekara ya fi ƙarfin a zauna a karance shi tiryan-tiryan, kuma binciken John Sweller da abokan aikinsa ya daɗe da nuna cewa sabon shiga ya fi ƙaruwa da misalin da aka riga aka warware a kan a jefa shi cikin matsala shi kaɗai. Ga kuma malamin da ba ya gajiya a gabansa. Ka manta waƙafi, kwamfuta ta ƙi tafiya ta nuna maka layin. Ka gyara, ta nuna maka na gaba. Mutum yana iya yin kuskure ɗari a yini ya sami gyara ɗari.

Sai dai duk hanyar ta jingina ne a kan cewa injin zai yi magana in an yi ba daidai ba. A fannin haruffa ba ya yi. Ka lissafa launin toka a karkace, rubutu zai fito. Ka manta da haɗa haruffan Larabci, za su fito a warwatse, kowane yana tsaye shi kaɗai, kuma in ba ka karanta Larabci ba za ka ga laifinsu ba. Ka yanke jimla a tsakiyar harafin da ya ƙunshi lambobi biyu, manhaja za ta ci gaba da aiki. Mai gwaji da harshensa yake gwadawa, a allonsa, da zubin da ke kwamfutarsa. Wanda zai ga ɓarnar yana wata ƙasa, kuma yawanci ba zai kawo ƙara ba, sai dai ya daina sa ƙugiya a haruffansa ya ci gaba da harkarsa.

Gardamar da aka fi ji a tsakanin masu manhaja ita ce ta bidiyo da rubutu. Masu son rubutu suna da hujja mai ƙarfi: ana bincika kalma a ciki, ana tsallake abin da aka sani, ana kwafe kod, ana komawa baya ba tare da ja da yatsa ana neman minti na nawa ba. A mafi yawan batutuwa ina tare da su. Amma lanƙwasar Bézier tana cikin 'yan abubuwan da gani ya kori ji. Ɗigo uku, layi biyu a tsakaninsu. Wani ɗigo yana tafiya a layin farko, wani a na biyu, da sauri ɗaya. A haɗa su da layi na uku, a sa wani ɗigon yana tafiya a kansa, sawun da ya bari shi ne lanƙwasar. Na rubuta shi yanzu a jimla uku kuma na san wani mai karatu sai ya maimaita. A hoto mai motsi daƙiƙa goma sun isa.

Haɗarin bidiyo mai kyau shi ne daɗinsa. Ka kalli gwani yana gina injin zana haruffa daki-daki, komai yana zama a gurbinsa, ka tashi kana jin ka iya. Leonid Rozenblit da Frank Keil na Jami'ar Yale sun gwada irin wannan ji a 2002. Suka sa mutane su auna yadda suka fahimci aikin abubuwa kamar zif da makulli, sannan suka ce to a bayyana mataki-mataki, suka sake cewa a auna. Makin ya sauko. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Harvard suka raba ɗaliban kimiyyar fiziks, wasu aka yi musu lacca mai tsari, wasu aka sa su fafata da tambayoyi a aji. Waɗanda suka fafata sun fi cin gwaji, amma su ne suka ce ba su ji sun koyi da yawa ba. Shi kuma zancen cewa kowa da salonsa, wani da ido wani da kunne, Harold Pashler da wasu masana uku sun duba binciken da aka yi a kansa a 2008, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa daidaita darasi da salon mutum yana ƙara masa koyo ba. Son mutum gaskiya ne, babu mai musu. Amma sanda mai manhaja ya ce "ni na fi son bidiyo" ko "ni a ba ni rubutu", labarin jin daɗinsa yake bayarwa, ba lallai na abin da ya zauna masa a ka ba.

Can gefe kuma akwai masu cewa a koma kundin ƙa'idoji. Na OpenType yana nan a buɗe ga kowa, jadawali bayan jadawali, kowane bait da ma'anarsa. Wanda ya buɗe shi babu tambaya a hannunsa kamar mai karanta ƙamus ne daga bango zuwa bango, ido yana wucewa, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai.

Ni abin da ya yi mini aiki shi ne gina ɗan abin wasa. Na buɗe fayil ɗin TrueType, na karanto ɗigogin harafin o, na haɗa su yadda na gani a wani bayani: ɗigo a kan layi, ɗigo mai ja, ɗigo a kan layi. Abin da ya fito ya yi kama da o, amma a kwarkwance, da kusurwoyi inda ya kamata a ga santsi. Babu saƙon kuskure. Na shafe yamma guda ina zargin lissafina, ina canza alama, ina sake gwadawa. Da na buga jerin ɗigogin na zuba musu ido sai na ga masu ja biyu a jere, babu na kan layi a tsakaninsu. Da wannan tambayar na koma kundi, kuma ga amsar a fili: in masu ja biyu suka biyo juna, akwai ɗigon kan layi a daidai tsakiyarsu wanda ba a rubuta shi a fayil, don a rage nauyi, mai karantawa ne zai ƙirƙiro shi. Na tabbata na taɓa wucewa ta kan wannan bayani a baya bai tsaya mini ba. Ranar kuwa layi biyu na ƙara, o ya zagaye sumul. Abin wasan ya yi mini aikin da kwamfuta ta ƙi yi, ya sa kuskuren ya fito inda ido zai gan shi.

A yi hattara dai, ramin yana da zurfi. Donald Knuth ya ga yadda aka tsara sabon bugun wani littafinsa a 1977, bai ji daɗi ba, ya ce bari ya gyara da kansa, yana zaton aikin watanni ne. TeX, manhajar tsara shafi, da METAFONT, ta zana haruffa, suka fito daga ciki, shi kuma ya kwashe kusan shekara goma. Ba kuma ina cewa kowa ya sa injin da ya ƙera a manhajar da jama'a za su riƙe ba. Sean Barrett, wanda ya rubuta stb_truetype, ɗan kundin da ke cikin fayil guda kuma masu koyo ke son karantawa, da kansa ya sa gargaɗi a samansa cewa kada a buɗe zubin da ba a amince da shi ba da wannan kod. In an zo aikin gaske FreeType da HarfBuzz ko abin da tsarin kwamfutar ya tanada za a ɗauka, na wasan a jefa shi aljihun tebur.

Abin da ya rage mini daga wancan yammacin ƙarami ne. In na ga siririn ƙ a tsakiyar kalma yanzu, ba na taɓa girman rubutu ko launi, jadawalin cmap nake buɗewa in nemi 409. Kuma a jimlolin da nake gwada kowace manhaja da su na ƙara layi ɗaya: Ɗ da ɗ a jere, A da V, lam da alif, sai lamba a tsakiyar jimlar Larabci, fari a kan baƙi sannan baƙi a kan fari.